Yalwa da Yaron da Anka Kai Tabki

Goggona Yalwa tabarma take saƙawa a Tama. Ba ta taɓa haihuwa ba, bakinta kuwa ya fi barkono. Shekarar da fara ta cinye gonaki, da ƙanenta da matarsa sunka rasu, ita ta ɗauki ɗansu Ɗangana, yana ɗan goye.

Yaron ya tashi bai taɓa cewa uffan ba. A kira sunansa ba ya waiwayowa, amma a buga taɓarya a maƙwabta, sai ya toshe kunnuwa ya faɗi yana buga kai da ƙasa. Riga ba ta wuni a jikinsa. Abinci sai hura, ita ma sai an tace.

Goggo ba ta kai shi wurin kowa ba, zama ta yi tana kallonsa har ta gane shi. Ta ɗauke turminta ta kai bayan gari. In abin ya taso masa, sai ta naɗe shi tam cikin tabarma, ta rungume, ba magana, har numfashinsa ya kwanta. Kullum akwai kwatarniya cike da ruwa a inuwa, ya shiga ya nutsa kunnuwansa. Cewa take duniya ce ta yi masa ƙara, a cikin ruwa yake samun shiru.

Mutanen gari kuwa ga abin da sunka gani: yaro ba baki, ba ya haɗa ido da kowa, ga son ruwa. Ai ɗan ruwa ne, aljanu sunka musanya shi. Maganin irinsu sananne ne tun kakanni: a ajiye shi bakin tabki, a juya ba waiwaye, in na ruwa ne zai zama maciji ya koma wa danginsa. Babana Bawa, wan goggo, shi ya fi kowa nacewa, wai yaron ne ke kashe masa awaki. Ubana ne, Allah ya jiƙansa, amma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Goggo ta rantse duk wanda ya taɓa yaron sai ta fasa masa kai.

Lokacin yaƙin Nasara, da kaka, kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, ya sa a kai hatsi garin Buza, kowane gida mutum guda da kaya a kai. Babana ya ce ƙafarsa na ciwo, goggo ta tahi. Ƙafa lafiyarta lau! Tana ficewa babana da mutanen gari sunka ɗauki yaron sunka kai bakin tabki, tabkin kuwa cike yake da ruwan damina.

To, don Allah, yaron da ba abin da yake so kamar ruwa, ka ajiye shi gaban tabki, ina zai nufa? Sunka dawo suna cewa ai ga shi nan, ko kuka bai yi ba.

Washegari goggo ta iso, ta tarar da kwatarniya ba kowa. Ta dubi fuskokinmu, ta nufi tabki. Ta shiga tabkin da zanenta, tana laluben laka da ƙafa, har la'asar. Da ta fito da yaron sai ta goya shi, ƙafafunsa na reto, ta ratsa tsakiyar gari ruwa na ɗiga, har inda maza ke zaune. Ta shimfiɗa shi gaban babana.

"Yaya, ga macijinka. Nuna min wutsiyar."

Ba wanda ya ɗaga kai. Ta juya wurin liman.

"Malam, mutum ne ko ba mutum ba? In mutum ne, a yi masa salla."

Anka wanke shi, anka yi masa salla, babana na sahun gaba. Goggo ta ci gaba da saƙarta a gida ɗaya da shi, ba ta ƙara tada maganar ba, ba ta kuma ƙara ce masa ko sannu ba. Shi kuwa tun ranar ba ya iya duba cikin ƙwaryar ruwa. Sai ya runtse ido sannan ya sha, haka na ga yana yi har ya mutu.