Ranar da Duro Ya Loɓe

Shekarar da muka koma gidan surukata, a wani ƙauye kusa da Dandume, kowa a tsorace yake. Kullum sai an ji 'yan bindiga sun shiga wani gari sun kore shanu, ko sun tafi da mutane. Ko babur ne ya wuce da gudu, sai hira ta tsaya.

Wata rana a farkon damina maigidana ya tafi kasuwar Bakori. Kafin ya fita ya wanke wani duron ƙarfe da ya sayo don ajiye wake, ya bar shi a buɗe bayan ɗakina ya bushe. Rana ta yini tana dukansa. Wajen la'asar hadari ya taso daga gabas, na ruga na ɗaure murfin tamau don kada ruwa ya shiga. Sai da na sa bakin zanina, saboda ƙarfen ya yi zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba.

Ruwa ya sauko da ƙarfi. Ina ɗaki ina ba jaririyata nono, surukata tana gefe tana jan carbi, sai muka ji "gwaram!" daf da bango. Ba tsawa ba ce, ƙarar daga ƙasa ta fito.

Surukata ta riƙo hannuna ta ce, "'Yar nan, sun zo."

Na ce, "Inna, mu fita ta baya."

"Ta bayan ai can suke."

Ba ta rufe baki ba aka sake yi, ya fi na farko. Muka rarrafa muka shige tsakanin gado da buhunan masara. Na danna wa yarinyar nono a baki don kada ta yi kuka, har ina tsoron kada na toshe mata numfashi. Inna tana ta salati. Ni kuwa na kasa kawo ko addu'a ɗaya. Abin da nake ta tunani shi ne, idan sun shigo, da yarinyar za su tafi da ni ko za su ce in ajiye ta.

Har ruwa ya ɗauke ba mu motsa ba. Muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama. Na gane muryar maigidana, amma ban fito ba sai da ya ɗaga labule ya gan mu.

Da ya ji abin da ya faru, ya ɗauki adda ya zagaya baya. Can ya kira mu. Duron ne ya loɓe ta gefe biyu, kamar an taka gwangwani. Ya kwance murfin da ƙyar, iska ta shige ciki tana huci. Ya ce iskar da na rufe a ciki mai zafi ce, ruwa ya sanyaya ta ta tsuke, ta waje kuma ta matse ƙarfen har ya lanƙwashe.

Ya so ya yi dariya, da ya dubi mahaifiyarsa sai ya fasa. Inna ta zauna a kan turmi. Ranar ba ta iya cin tuwo ba, washegari kuma ta tashi da zazzaɓi.