Malamar Asibitin Majigi a Gwiwa

Ladan bai gama kiran assalatu ba muka bar Kano, ni da direba da mai majigi, a cikin wata motar ma'aikata da ke tari tun kafin a ba mu mulkin kai. Ga wanda bai san ni ba, ni 'yar wasan kwaikwayo ce. A rediyo na fara, inda ba mai ganin fuskarki balle ya kai wa dangi rahoto. Bara aka zo neman matar da za ta fito a fim ɗin gwamnati na wayar da kai a kan haihuwa, aka miƙo min farar riga da 'yar hula, aka ce ni ce malamar asibiti. A fim ɗin nakan shiga gida in tarar da mace tana doguwar naƙuda, in yi wa maigida tas, a kai ta asibiti, a fito da jariri ana guɗa. Ni kuwa a gidanmu ko kaza za a yanka sai na kau da kai. Manyanmu ne suka ce a zagaya da ni ƙauyuka, in sa rigar in gaisa da mata bayan an nuna fim, wai za su fi fitowa.

Hanyar Dambatta ta sha sabuwar kwalta, kuɗin mai ya fara nuna kansa. Manyan motoci ɗauke da siminti sai wucewa suke, wasu direbobin kuma har yanzu sukan manta an koma hannun dama, sai direbanmu ya yi musu kirari da abin da ba zan rubuta ba. Damina ta zauna sosai, gero ya kai ƙugu, ko'ina kore shar. Da muka karkata zuwa Babura muka tsaya karin kumallo wajen wata mai ƙosai. Tsohuwar nan ta rantse ba ruwanta da naira da kwabo, da sule da sisi take cinikinta, wanda bai iya ba ya koma makaranta. Babura kuwa ta ci sunanta, don duk saurayin da ya sayar da gyaɗa ya sayi babur, ga kuma fatake daga Nijar suna ta canjin sefa a gindin bishiya.

A nan aka fara nuna fim ɗin bayan sallar isha'i. Yara suka riƙa zagayawa bayan farin ƙyallen suna neman inda mutanen suka ɓuya. Da aka gama na fito cikin farar rigata, sai aka ɗauki salati. Washegari wani dattijo ya biyo ni masauki da ƙwai a ƙwarya, ya naɗe wando ya nuna min kurkunu a ƙafarsa. Na ce, “Baba, ni fa ba malamar asibiti ba ce, wasa muke yi.” Ya yi murmushi ya ce, “Haka manyan likitoci suke, ba sa son a yabe su.” Muka yi ta dariya a mota har Kanya Babba. Da na san abin da ke gaba, da na rage dariyar.

Kazaure gari ne mai daɗin ido, duwatsu sun kewaye shi, ga ruwa kwance a gefe. Mun ci soyayyen kifi da yaji har direba ya ce a bar shi a nan. Daga nan kwalta ta yi mana sallama. Hanyar Roni jar ƙasa ce da ramuka, kowane rami sai na ji hanjina ya zo wuya. A Roni mata sun cika fili, wasu suna shafa gefen rigata suna shafa wa goyonsu. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi min daɗi. Wace 'yar wasa ce ba ta son a yarda da ita? Kullum ina cewa wasan da ba a yarda da shi ba asarar yawu ne.

A Gwiwa muka nuna fim, gari ya waye ranar kasuwa. Da hantsi ina zaune a rumfa sanye da rigar, wata Bafulatana tana dama min fura, sai ga wani magidanci a kan keke, gumi ya jiƙa masa riga. Ya yar da keken ya durƙusa a gabana, a tsakiyar mutane.

“Ranki ya daɗe, Malama, matata ce. Tun shekaranjiya take naƙuda, abu ya ƙi. Ki taimake ni don Allah.”

Na ajiye ludayi na ce masa abin da na ce wa mai kurkunu, har na rantse. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, “Da idona na gan ki jiya, kin ceci waccan matar. Ko don mu mutanen ƙauye ne?” Kan ka ce kwabo an kewaye mu. Mata suna cewa haba Malama, maza suna kallona wani iri. Na dubi direba, direba ya dubi ƙasa. Haka na shiga mota, ban san me zan je in yi ba.

Ƙauyen yana can bayan gonaki, hanyar shanu muka bi. A zaure muka tarar da mahaifin mutumin, dattijo mai farin gemu da carbi, wanda ka gan shi ka san ba a mayar masa da magana a gidan. Ya yi min maraba, aka shiga da ni. Ɗakin duhu, ga hayaƙi, ga wani wari da ban taɓa jin irinsa ba. Matar tana kwance a tabarma, ba yarinya ba ce, 'ya'yanta huɗu suna rakuɓe a tsakar gida. Ta daina ko nishi, idanunta kawai ke motsi. Ungozoma, wata 'yar tsohuwa da ta yi zuru-zuru don rashin barci, ta ɗaga zane ta nuna min. Hannun jariri ne ya fito shi kaɗai, ya kumbura ya yi baƙi. Ta raɗa min cewa a gicciye ya zo, ta yi duk abin da ta sani.

Na dafa bango, na ciji leɓe don kada in faɗi a kansu. Ban san komai ba a kan haihuwa sai kalmomin da aka ba ni na haddace, jaririn fim ɗinmu ma aro shi aka yi daga wata maƙwabciya. Amma ko makaho ya shafa ya san matar nan ba za ta kai gobe a ɗakin nan ba.

Na fito zaure na durƙusa na ce, “Baba, sai an kai ta Kazaure.”

Ya girgiza kai. “'Yata, ai shi ya sa aka ɗauko ki, don kada a kai ta. Asibiti ya zo har gida, me za mu je nema? A gidan nan ba a taɓa fitar da mace ta haihu a hannun baƙi ba. Wanda aka kai can, gawarsa ake dawowa da ita.”

A nan na gane ramin da na faɗa. In na ce masa ni 'yar wasa ce kuma ya yarda, zai sallame ni da godiya, a koma jiƙa rubutu har ta cika. In kuma na ci gaba da zama malamar asibiti, ƙarya zan yi wa dattijo a kan ran mutum, duk abin da ya biyo baya kuma a wuyana yake. Mijin yana tsugune a gefe, kansa a ƙasa, ya bar ni da tsohon. Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin.

Sai na miƙe tsaye, abin da ban taɓa yi a gaban babba ba. Na gyara hula, na nemo muryar nan ta fim daga inda take. Na ce, “Baba, da girmanka da komai, aikina na fi ka saninsa. Kayan aikina suna Kazaure, kuma ba zan sa mata hannu a nan ba. In ka hana, zan shiga mota in tafi. Amma ranar da za a tambayi wanda ya tsare ƙofa, ba ni za a tambaya ba.”

Ya daɗe yana jan carbi yana kallona. Ni kuwa ina jiran ya ce a kore ni. Can ya ce, “To, na ba ki amanarta. Ke za ki dawo min da ita.” Gara a ce ya zage ni.

Mai majigi ya sauke injin wuta da gwangwanayen fim a zauren, ya zauna gadinsu. Aka shimfiɗa matar a bayan mota, kanta a cinyata, ungozoma ta riƙe ƙafafu, mijin ya shiga gaba. Ba mu yi nisa ba hadari ya haɗo daga gabas, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Motar ta riƙa zamewa tana rawa a taɓo. Duk ramin da muka faɗa sai matar ta damƙe min hannu, ni kuma in ji kamar ni ce na doke ta. A wani rafi da muka tsallake da safe ba komai, muka tarar ruwa ya kawo, mota ta shiga ta kafe a tsakiya. Mijin ya dira cikin ruwa har ƙugu, ya yi ta ƙwala wa manoma kira suka zo turi. Ina jin ruwa na dukan ƙarfen da nake zaune a kai.

A nan matar ta buɗe ido ta ce, “Malama, ki yi min allura mana.” Na ce, “Sai mun isa, 'yar'uwa, allurar ba ta son motsi.” Ta ce, “Mutuwa zan yi ko?” Na ce, “Ba a hannuna ba.” Da ƙarfi na faɗa, da murmushi, kamar mai abin yi. A cikina kuwa ba addu'ar da ban karanta ba, har da ta shiga kasuwa. Daga baya ta yi shiru, jikinta ya yi sanyi, na riƙa kai kunnena bakinta ina neman numfashi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan hanya ba, kuma ba na fatan maƙiyina ya ji shi.

Bayan la'asar muka shiga Kazaure. Tun a bakin asibiti na cire hular na cusa a jaka, don kunya ta hana ni shiga da ita gaban masu ita na gaske. Suka karɓi matar da gudu, aka rufe ƙofa. Muka zauna a baranda, rigata duk jini da laka. Ana kiran magariba wata malama ta fito ta ce uwar tana da rai, an yi mata aiki. Ɗan kuwa ya riga ya rasu tun kafin mu taso. Ungozoma ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ban san lokacin da na zame na zauna a ƙasa ba.

Da na dawo hayyacina na je wajen mijin na yi masa gaisuwa, na ce, “Malam, ka ji tsoron Allah ka saurare ni yanzu. Ni ba malamar asibiti ba ce. Ko allura ban taɓa riƙewa ba.”

Ya share ido da bakin riga ya ce, “Na sani, Malama. Na yi dako a Kano, na sha shiga silima. Baba ne bai sani ba.”

Wato duk durƙuson nan na kasuwa da ɗaga murya, shiri ne. Raina ya ɓaci, na ce, “Da ta mutu a cinyata fa?” Ya ce, “Ki gafarce ni. Tun jiya nake roƙonsa. Ni ba zan iya ɗaga wa mahaifina murya ba, ke kuwa na ga kin iya.”

Washegari direba ya koma ya ɗauko mai majigi da kaya, ya kai wa dattijon labari. Ni ban bi shi ba, don ba zan iya haɗa ido da tsohon ba. Muka kamo hanyar Kano ba mai tsokanar wani, ko kifin ba mu tsaya saye ba. Da na shiga gida innata ta tambaye ni yaya hanya, na ce lafiya lau, na shige ɗaki na yi kukan da na riƙe tun daga zauren nan.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa, amma yana da nauyi. Mu muna ce masa wasa, mu karɓi kuɗinmu mu koma gida, alhali can wani ya ɗauki fuskarmu ya jingina ransa da ita. Mutane suna ta yaba min wai na ceci rai, ni kuwa na san ƙarya na yi Allah ya rufa min asiri. Da matar nan ta cika a rafin nan, da tsohon ba zai sake barin wata mace ta gidansa ta je asibiti ba, kuma da ni na jawo. An ce wata mai zuwa za a sake fita da majigi, an sa sunana. Na ce zan je, amma sai an haɗa ni da malamar asibiti ta gaske a motar, in ba haka ba su nemi wata.