Malam Fannami Mai Motar Janwe Ya Ajiye Makulli

Kafin masu ƙosai su ɗora kasko a tashar Haɗeja, Malam Fannami ya riga ya baje sarƙoƙinsa a ƙasa yana laluben inda ƙarfe ya ci. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar janwe, kuma ban taɓa ganin ya sha shayi a zaune ba. Kullum kunnensa na kan waya.

Mun sha yi masa tsiya. In ya ɗora mota, sai ya ɗaure ta kusurwa huɗu, ya ɗan taɓa tafiya, ya tsaya ya ƙara tamkewa. Na taɓa ce masa, "Baba, amarya za ka kai ne?" Ya ce, "Ai amarya tana iya riƙe kanta."

Daminar bara ruwa ya cinye hanyar Guri, motar wani direba, Ɗahiru, ta zame cikin fadama har rabin ƙofa. Ita kaɗai ce motar ƙauyensu, ga matarsa Safara'u haihuwa yau ko gobe. Shu'ibu mai kwale-kwale, wanda aka yi a gabansa, ya ce samari sun ɗaura igiya a bamba, ƙarfen gaban motar, za su fizga da tarakta, Ɗahiru kuma na shirin murza makulli, sai ga Fannami.

"Cire hannunka, ɗana! Ta sha ruwa, in ka tayar da ita ka kashe injin. Ku kuma, bamba kuke so ko mota?"

Ya shiga ruwa har ƙirji, ya lalubo shasi, ƙaƙƙarfan ƙarfen ƙarƙashin motar, ya maƙala ƙugiya, ya riƙa janyowa taƙi-taƙi. Bakanike ya tsiyaye injin, motar ta tashi rana ta uku. Rana ta biyar ita ta kawo Safara'u asibiti.

Kai ne, Baba, mai tsawa don ceto. Yanzu gwiwa ta ƙi, ka ajiye makulli, ni kuwa wallahi hankalina bai kwanta ba: kogi ya soma cika, ban san wa za mu kira ba. Matasan tasha, ku je ku zauna gabansa ku koya tun yana iya nunawa.

Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Jiya na ga 'yar Safara'u, Adila. Ta fara tafiya.