Sandar Molon Baba Jaɗi

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci hannuwa bai yi su awo ɗaya ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wata Talata ce da hantsi, a kakar shekarar da na kai izu goma, Baba Jaɗi mai molo ya shigo zauren kawuna Mamman a Unguwar Lalle, molonsa a rataye cikin jakar fata. Kawu masassaƙi ne, ƙanen mahaifiyata, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa. Fatar molon ce ta tsage, ga shi ranar Asabar akwai kalankuwa a Tozai, inda manoma kan saka wa makaɗi da damman gero. Abin da Baba Jaɗi ya samu a wannan yini shi iyalinsa kan ci har faɗuwar ruwa. Kawu ya kwance tsirkiyoyi, ya zare sandar ya jingine ta a bango, suka fita tare neman fatar akuya wurin majemi.

A makarantar mahaifina ni ake kawo wa alƙalami in feƙe, har manyan ɗalibai kan jira ni in dawo daga koran tsuntsaye a gona. Yabon nan ya shiga kaina. Da na ɗauki sandar sai na ga abin tausayi: kauri kamar ƙotar gatari, baƙa ƙirin da maiƙon hannu, bayanta kuma da wani ɗan kwari kamar inda akuya ta gaigaya. Na ce a raina dattijon nan ya daɗe yana wahala babu mai taimakonsa. Na ɗauki wuƙar Kawu da fasasshiyar kwalba, na zauna ina kankara har azahar, sai da sandar ta fito fara, siririya, sumul, kwarin nan ya ɓace.

Da suka dawo, ni da kaina na miƙa ta ina jiran albarka. Baba Jaɗi ya damƙe ta, yatsunsa masu kauri suka zagaye ta har suka hau juna. Babban yatsansa ya yi ta lalube a bayanta bai sami mazauni ba. Kawu ya gwada mayar da zobban fatar da ke riƙe tsirkiyoyi, suka zame ƙasa. Dattijon bai ɗaga murya ba, ya dube ni ya ce, "Ɗan malam, wanga kwari da ka share, shekara ashirin yatsana ya yi shina ginarsa."

Kawu ya bayyana cewa ɗanyen itace ba zai yi ba, domin zai lanƙwashe kafin wata ya mutu, busasshen da ke rumbunsa kuwa duk ya tafi a ƙotocin girbi. Labari ya tsallaka katanga. Mahaifina bai taɓa zama wurin kiɗa ba, kuma ba za ni shiga saɓanin malamai kan wannan a nan ba, amma ya ce ɓarna ce ɗansa ya yi wa dukiyar Musulmi, gyaranta ya hau kan gidanmu. Mahaifiyata ta ji daga madafa. Ta fito da taɓaryarta ta itacen ƙirya, wadda aka kawo ta da ita ranar aure, ta ce wa ƙanenta, "Mamman, duba ko wagga ta yi."

Kwana biyu aka yi ana aikin, aka kuma hukunta mini in zauna in gani ba tare da na taɓa wuƙa ba. A nan na ga abin da har yau nake jinjina wa. Kawu ya fara ba Baba Jaɗi curin yumɓu ya damƙa, ya ajiye shi a gefe yana duban zurfin yatsun. Sai ya yi sara kaɗan da gizago, ya miƙa, dattijon ya rufe ido ya riƙa, ya ce a rage nan, a bar can. Ba ya son ta zagaye sarai. Bayanta ya ɗan baje, gefen da yatsu ke sauka ya tashi. Wai siririyar sanda kan sa jijiyar hannunsa ta ɗaure tun kafin waƙa ta yi nisa. Ranar Alhamis da la'asar ya kaɗa, ya saurara, ya ce ba ta kai tsohuwar ba, amma za su saba. Ya je Tozai, ya dawo da jaki biyu na gero, ya sauke dami ɗaya a ƙofar mahaifiyata, wadda ta yi wata guda tana aron taɓarya a maƙwabta.

Sandar da na ɓata kuwa, wani matashin makaɗi mai suna Arzika ya gan ta a zauren ya roƙa. Yatsunsa sirara ne, ya ce bai taɓa riƙe wadda hannu ke gudu a kanta haka ba. Kawu ya yi dariya ya ce mini, "Ba mugun aiki ka yi ba, mai ita ne ba ka tambaya ba."

Bara wasu samari suka sauka kusa da gidana a Sabon Birni da gita biyu da suka sayo a Maraɗi. Na ji suna gardama: ɗaya na son mai kaurin wuya don ya cika masa tafi, ɗayan na son mai faɗi marar kauri don yatsu su yi sauri. Na tambaye su wa ya auna hannunsu kafin a sassaƙa. Suka ce ai daga masana'anta suke zuwa, mutum ya yi ta gwadawa har ya dace. Gardamar tana nan yadda na san ta, masu zama su saurari hannun mutum ne suka ƙaranta.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka ga mai karatu da iyalinsa da abin da hannunsa ke nema. Amin.