Jinyar Hajiya Yalwa a Hannun 'Yar Fari

Cikin ranakun aikina, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da na kwance bandejin ƙafar Hajiya Yalwa gabana ya faɗi. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ne, ina Sista mai ziyarar gida a cikin birnin Zariya. Aikinmu shi ne idan asibiti ta sallami majinyaci mu bi shi gida, mu wanke ciwo, mu auna sukari, mu kuma duba ko wanda aka bar wa jinyar zai iya.

Hajiya Yalwa tsohuwa ce a Ƙofar Jatau, mai ciwon sukari da gyambo a diddige. Wadda ta karɓi jinyarta 'yarta ce, Malama Binta, malamar makaranta da ta ɗauki hutu ta taso daga Kaduna. Ga tsafta, ga fahimta, ba a maimaita mata magana. Amma duk zuwan da na yi sai in tarar tsohuwa ta ƙara ramewa. Ran nan kuwa na ga bakin ciwon ya fara baƙi, zanenta kuma a jiƙe da fitsari.

Na kai wa shugabarmu Metiron rahoto. Ta ce, "Idan bai sauya ba, ki dawo mana da ita. Kin dai san abin da likita ya ce." Na sani sarai, yanke ƙafar za a yi.

Washegari na koma, na aiki Binta ta dafa mini ruwa, na matsa kusa da tsohuwa. Na ce, "Hajiya, me ya hana ki cin abinci? In fitsari ya matse ki, me ya hana ki kira?"

Ta juya fuska bango ta ce, "Sista, in kira ta da wane bakin? Tun da na haife ta sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. Sai yanzu da tsufana za ta kwance mini zane?"

Ashe Binta 'yar fari ce. Ku yaran yanzu kuna rungume da 'ya'yanku na fari har da ɗaukar hoto, ba za ku gane ba. Matan wancan zamanin ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa cin abinci a gabansa. Kunya ce take neman cinye ƙafar.

Gaya wa Binta ya fi wanke gyambon wuya. Ta ce, "Sista, kakata ce ta raine ni. Tun ina yarinya nake jiran ranar da zan zauna ɗaki ɗaya da ita. Yanzu ki ce in fita?" Na ji tausayinta ƙwarai, amma na ce mata zaman nata ko ƙafar, ɗaya za a zaɓa. Ta share hawaye ta ce a nemo wata.

Mata biyu aka kawo. Ta farko tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce, ta san aiki. Ta durƙusa tana "Ranki ya daɗe", Hajiya kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta biyu Tabawa ce, Bakanuwa, bazawara mai tuyar ƙosai a bakin ƙofar unguwa. Tana ɗaga labule ta ce, "Wannan ce Bazazzagiyar da ta ƙi cin abinci? Ko don ba fate aka dama ba?"

Sai ga Hajiya ta yaye mayafi. "Wa ya shigo mini da Bakanuwa? Ku ɓoye kwanukana!"

Wasan Kanawa da Zage-zagi ne, babu kunya a tsakaninsu. Na ce da Binta wannan za mu ɗauka. Amma hankalina bai kwanta ba, don Tabawa ko almakashin asibiti ba ta taɓa riƙewa ba, Metiron kuma ta ce in ta ɓaci a wuyana take. Kullum na tashi aiki sai na biya ina koya mata wanke hannu, da juya majinyaci, da awon abinci. Binta ta koma madafi, ita ke girki, Tabawa ta shigar. Duk sanda zan kwance bandejin nan sai na yi addu'a a zuciyata tukuna.

A hankali baƙin ya ja baya, jan nama ya fito. Ƙafa ta tsira.

Ranar ziyarata ta ƙarshe na tarar Hajiya ta cinye tuwonta tas. Inuwar Binta na bayan labule, tana jiran kwano. Tsohuwa ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, ta ce, "Tabawa, ki ce wa mai girkin nan gishiri ya yi daidai. Ki ce Allah ya yi mata albarka."

Ba a buƙaci Tabawa ta kai saƙon ba. Daga inda nake zaune ina jin shessheƙar Binta.

Tun daga ranar, kafin in tambayi wa ya iya jinya ko wa ya fi ƙaunar majinyaci, sai na fara tambayar wa tsohon zai iya buɗe baki ya kira.