Ana Dai Lallaɓawa

Shekara huɗu na yi ina zuba adashi, har na haɗa kuɗin kafin alƙalami na wani ɗan gida a Dukawuya. Saura banki ya cika mini, in riƙa biya wata-wata.

Ma'aikaciyar bankin ta buɗe fom, ta ce, "Alhaji, nawa shagon ɗinkinka yake kawowa a wata?"

Haka kawai gatsau, ga mutane a bayana sun kasa kunne! A gidanmu na Sheshe ko mahaifiyata ba ta taɓa yi mini wannan tambayar ba. Na ce, "Alhamdulillahi, ana dai lallaɓawa." Ta ce adadi take so. Don gudun bakin mutane, na raba biyu na faɗi rabi.

Bayan sati biyu aka kira ni, wai samuna ba zai iya ɗaukar biyan ba. Na yi salati, na garzaya na faɗa mata ainihin abin da nake samu.

Ta dube ni, ta dubi sa hannuna a fom ɗin.

"To Alhaji, a cikin biyun wanne ne ƙaryar?"