Takardar da Ƙanwata Ta Bari

A Hindawiyya, unguwar da aka haife ni a Makka, aron takarda ba abin kunya ba ne. Yadda ake aron tukunyar biki haka ake aron ta. Yaro ya kwanta da zazzaɓi, iyayensa ba su da igama, wato takardar izinin zama, sai uwar ta leƙa maƙwabta ta karɓi ta wani yaro sa'ansa ta kai shi asibiti. Da yamma ta dawo da ita haɗe da kwanon dabino. Ba mu taɓa kiran wannan sata ba, zumunci muke ce masa.

Mu gidanmu akwai takardu. Kakana ta Sudan ya shigo, Baba kuma direban tasi ne, mutumin da ko fitilar hanya ta lalace a kan ja sai ya tsaya yana jiran ta. Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da ƙanwata. Tana shekara uku muka je ganin dangi a Sudan, ƙyanda ta kama ta, a can aka binne ta. Da muka dawo Baba ya yi ta cewa zai je a soke sunanta daga takardunsa, Inna kuma kullum sai ta ce a bari sai wani mako. Haka sunan ya zauna.

A ɗakin saman benenmu akwai wata mata mutuniyar Damagaram da ta zo aikin Hajji ta ƙi komawa. Ƙosai take soyawa a bakin lungu, lokacin Hajji kuma ta bi masu kwashe shara zuwa Muzdalifa. Tana da 'ya ɗaya, sa'ar marigayiyar. Ranar da yaran lungu suka fara makaranta aka bar yarinyar ita kaɗai a kan matakala, Inna ta ɗauki takardar ƙanwata ta hau bene da ita. Wannan aron ne ba a dawo da shi da yamma ba.

Ni kam na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Duk aka kira sunan ƙanwata yarinyar ta amsa, sai na ji kamar in make ta. Amma ita ba ta da zuciya irin tawa, duk hararar da nake yi mata sai ta biyo ni da littafi tana cewa, "Yaya, duba mini." Kafin shekara ta zagayo ni ce ke yi mata kitso. Inna ma ta koma kiran ta da sunan, a gida da waje, har uwarta ta bi sahu. Sunan yankanta ya ɓace kamar tsohon ɗan kunne.

Yarinyar ta zo da kai. Ta gama sakandare da sakamakon da ya sa jami'a ta ba ta tallafin karatu irin wanda ake bai wa 'ya'yan baƙi mazauna ƙasa. Aikin jinya take karanta. Ranar da sunanta ya fito uwarta ta raba ƙosai kyauta har kasko ya ƙare, Baba kuma ya ɗauke ta a tasi har ƙofar jami'a, yana tuƙi a hankali kamar ya ɗauko ƙwai.

Tana shekara ta biyu sabuwar doka ta zo. Dalilinta ba ɓoyayye ba ne. An sami wasu 'yan damfara da ke kwasar sunayen mutane su yi rajista da su, su riƙa karɓar tallafin ɗalibai alhali ko ƙofar aji ba su sani ba. 'Yar wata abokiyar aikina a shagon ɗinki a unguwar Zahir ta je neman tallafi aka ce ai ta daɗe tana karɓa. Na ga kukan yarinyar nan da idona, kuma ni ce na fi kowa ɗaga murya a shagon cewa Allah ya ƙara, a kama su duka. Ban kawo gidanmu a raina ba ko kaɗan.

Dokar ta ce kowane ɗalibi mai karɓar tallafi zai je ya dangwala yatsa, waliyyinsa ma ya dangwala, ya shaida da bakinsa cewa ɗansa ne. An kuma ba da ɗan lokaci ga duk mai gyara a takardunsa ya kai kansa kafin a kamo shi.

Muka zauna bayan la'asar, Inna ta zuba shayi ba wanda ya taɓa. Ni na fara magana, don ba na iya shiru.

"Baba, mafi mushkila, ba wata matsala. Ƙanwata ba ta taɓa yin basma ba, ba su da zanen yatsanta, da wane yatsa za su gwada? Ka dangwala kawai, halas."

Baba ya daɗe yana juya hularsa a gwiwa. Ya tsufa a lokacin, idonsa ma ya fara hana shi tuƙi.

"Ya binti, 'yata, takarda na ba da aro, kuma ban yi da-na-sani ba. Amma shaida daban ce. Daga ofishin da ake shaidar ana hango hasumiyar Harami." Sannan ya dubi yarinyar saman bene. "Duk da haka, in kin ce in je, zan je."

Na san da gaske yake. Zai je, ya dawo ya kasa cin abinci har ƙarshen ransa. Na harare ta yadda nake yi muna yara, ina nufin ta ce masa ya je. Saura shekara biyu ta gama, kuma ban ga abin da gaskiya za ta ƙara mana ba ban da wahala.

Ta ce, "A'a, Baba. Ba za ka yi rantsuwa a kaina ba. Kuma in na dangwala, shi ke nan na zama ita har kabari. Ni ma ina da suna."

Uwarta ta rufe fuska da gyale. Ni na tashi na bar ɗakin, na yi kwana uku ban yi wa yarinyar magana ba. Yanzu in na tuna kunya nake ji.

Ita da Baba suka je suka faɗi komai. Ba a ɗaure kowa ba, amma an yi ta kiran Baba ana yi masa tambayoyi, ita kuma aka tsayar da tallafin, aka cire ta daga aji. Ta shiga zirga-zirgar Jidda tana neman takardun ƙasar uwarta, ƙasar da ba ta taɓa gani ba, da niyyar ta je can ta sake karatun daga farko. Har yau ina ganin dokar daidai ce, kuma har yau ina jin zafin ta.

Abu ɗaya ne ban hango ba. Sai da aka je aka rubuta rasuwar ƙanwata a hukumance. Ma'aikacin ya tambayi ranar, Baba ya fara lissafi da yatsu, Inna ta faɗi ranar da watan har da cewa bayan azahar ne. Da muka dawo gida ta shimfiɗa tabarma a falo ta zauna. A Sudan ba ta yi kuka sosai ba, mutane har yabon haƙurinta suka yi. A nan ta yi shi. Matan lungu suka riƙa shigowa ta'aziyyar yarinyar da ta rasu shekaru da dama, yarinyar saman bene kuma ita ce ke zagayawa da gahawa.

A rana ta uku Inna ta so a ƙaro dabino, ta ɗaga murya ta kira sunan ƙanwata kamar kullum. Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu. Na ga bakinta ya motsa, amma ba ta amsa ba. Inna ta dube ta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta juya ga uwarta ta ce a hankali, "Hajiya, tuna mini sunan 'yarki."